Tanti mai bango a Legas: na auduga, na leda ko ɗinkin gida?

Duk ƙarshen shekara, idan ruwa ya ɗauke yara suka samu hutu, sai ka ji 'yan uwa daga Agege, Idi-Araba ko Mile 12 suna haɗa kuɗin mota za a je bakin ruwa a kwana, wasu su yi Badagry, wasu su miƙa hanyar Epe su sauka Eleko. Maganar abinci ba ta ba da wahala. Inda ake tsayawa ana jayayya shi ne wurin kwana, domin ƙananan tantunan nan masu kama da kifaffiyar ƙwarya, waɗanda sai da rarrafe ake shiga, ba su yi wa magidanci mai iyali ba.

Abin da ya dace da mu shi ne tanti mai bango: gefe huɗu a tsaye kamar ɗaki, rufi mai kusurwa a tsakiya. Bangon yakan kai ƙafa 5, tsakiyar kuma wajen ƙafa 8. A ciki mutum zai miƙe ya sa riga, a yi sahu a yi salla idan ruwa ya tsuge, a ɗaura labule a tsakiya mata su samu sirrinsu. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai dai a san wani abu tun kafin a buɗe Jumia ko Jiji. Irin wannan tanti an fi yin sa ne don maharba a duwatsun Amurka, inda sanyi ne abokin gaba. Shi ya sa za ka ga kamfanoni irin su Montana Canvas da Davis Tent suna yi wa nasu ƙofar bututun murhu a rufi. Mu nan Ikko me za mu yi da murhu? Namu abokan gaban su ne zafi, laimar iska, gishirin teku da sauro. Duk kuɗin da ka biya don maganin sanyi, ka zuba shi a rijiya.

Na auduga, wato mai kaurin yadi irin na sojoji, shi ne sarki wajen daɗin zama. Yadin yana numfashi, ba ya tara gumi a ciki, da rana kuma ya fi kowanne sanyi. Ana auna kaurinsa da nauyi, kuma wanda aka saba gani mai kyau yana kusa da giram 340 a murabba'in mita. Sabo yakan ɗan yi yoyo a ɗinki, sai an jiƙa shi an shanya sau biyu ko uku zaren ya kumbura ya toshe hudar allura. To amma ga cikas. Mai faɗin ƙafa 12 da tsawon 14, yadin kaɗai kaya ne na mutum biyu, ga kuma ƙarafa. A Sienna zai shiga idan an kwantar da kujerun baya, a Corolla kuwa sai dai a zaɓa, ko tanti ko yara. Babbar matsalar ita ce shanya. Na taɓa aron irinsa muka naɗe shi da ɗan danshi saboda sauri, muka jefa a lungu. Bayan mako biyu da aka buɗe, fumfuna ta yi masa baƙin zane, warin kuwa har yau ban manta ba, kuma ni na biya. Wanda yake haya a ɗaki biyu a saman bene, ba shi da filin da zai baza yadi mai girman haka kwana biyu, to ya haƙura da auduga komai sha'awarsa.

Na leda, wato yadin roba mara nauyi irin na Coleman da sauran na Chaina marasa suna, shi ne mafi araha kuma shi aka fi samu. Mutum ɗaya zai ɗauke shi, yana bushewa cikin awa ɗaya ko biyu a rana. A jikin kwali nemi lamba biyu. Ta farko kaurin zare ce, ana rubuta ta da D a ƙarshe: 210D ko 300D ya fi 68D jure wahala nesa ba kusa ba. Ta biyu ƙarfin tare ruwa ce, a milimita. Mai 1,500 zai iya da yayyafi, amma garin da ruwan watan Yuni ke sauka kamar da bakin ƙwarya, kada ka sauko ƙasa da 2,000, in ka samu 3,000 ya fi. Aibinsa zafi. Da hantsi ya yi, ciki ya zama tanderu, da dare kuma numfashin mutane ya taru a rufi ya riƙa ɗigo muku kamar raɓa. Maganin wannan shi ne tagogi: manya, masu raga, a aƙalla gefe uku, da rufi biyu wanda iska ke bi tsakaninsu. Tanti mai taga ɗaya ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani.

Akwai na tsakiya, gaurayen auduga da roba. Irinsa ne hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke rabawa iyalai. Ya fi leda sanyi, ya fi auduga saurin bushewa, kuɗinsa ma a tsakiya. Idan aljihu zai kai, nan ni zan tsaya.

Sai ɗinkin gida, wanda mutane ke rainawa. Masu ɗinka tamfol na tireloli za su yanka maka yadda kake so, mai walda kuma ya haɗa maka ginshiƙai da bututun da ka saya a kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin. Ruwa ba ya ratsa shi, kuma in ya yage ka san wanda za ka koma wa. Amma tamfol na roba zalla ba ya numfashi ko kaɗan. Dabarar ita ce a yi rufin da tamfol, a yi rabin bango na sama da ragar gidan sauro, da murfin da ake saukewa idan hadari ya taso. Ka dage a kan bututu mai farin shafi, domin baƙin ƙarfe, tafiya biyu bakin teku ta isa tsatsa ta cinye mahaɗarsa.

Lissafin mutane da ke jikin kwali kuma kada ya ruɗe ka. Idan sun ce na mutum goma ne, suna nufin a jere kamar kifi a gwangwani, ba jaka ba kular abinci. Masu aikin agaji suna ƙiyasta murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum. Da wannan ma'auni, mai ƙafa 12 da 14, wanda bai cika murabba'in mita 16 ba, na mutum huɗu ne zuwa biyar. Idan kun kai goma, matsakaita biyu sun fi ƙato ɗaya: maza nasu, mata da yara nasu, kuma iska ba ta cika kayar da ƙarami ba.

In gwanjo za ka saya, kada ka yarda da hoto. Ka ce wa mai shi, "Alhaji, a kafa shi in gani." Ka shiga ciki da rana ka ɗaga kai, duk huda za ta nuna kanta. Ka ja zif sama da ƙasa sau da yawa, ka ƙirga sanduna, ka zuba ruwa buta ɗaya a kan ɗinkin rufi. Idan cikin yadin yana danƙo ko yana ɓarewa kamar saɓar maciji, shafin da ke tare ruwa ya mutu, ba shi da gyara.

Ko da an rubuta cewa yadin ba ya kama wuta da wuri, kada a shigar da kurfoti ko risho ciki. Gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci alhazai sama da 300, ita ta sa Saudiyya ta sauya tantunan can zuwa waɗanda wuta ba ta ci, kuma naka ba irinsu ba ne. Janareto ma a kai shi can nesa, inda iska ke kore hayaƙin.

Ka ware ɗan canji don turaku. 'Yan siraran da ke zuwa cikin jaka ba sa riƙe rairayi, iskar yamma ta farko za ta tumɓuke su. Mai walda zai yanka maka rodi mai tsawon kamu biyu ya lanƙwasa kansa, ko kuma ka tafi da buhunan shinkafa da babu komai ciki, ka cika su da yashi a can, ka ɗaura igiya ka binne.