Birki na riƙewa: tiyo ne ko kalifa?

Taya ɗaya ta yi zafi, mota na ja gefe. Ɗaga ta da jak, taka birki, saki, ka sassauta notin fitar da iska na jikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki a kan faifan taya.

Idan man birki ya yi tsartuwa, taya ta saku, tiyon roba mai kai mai ga kalifa ne: cikinsa ya kumbura, mai na shiga amma ba ya komawa, ko da wajensa lafiya lau. Canza hagu da dama tare, sababbi; na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sun fi araha, amma robarsu ta tsufa. Kada tiyon ya murɗe wajen ɗauri. Zuba man birki DOT 3 ko 4, fitar da iska.

In kuwa tayar ta ƙi juyawa, matsalar a kalifa take: galibi tsatsa ce ta kama fistinsa. Tiyo ba ruwansa.