Jirgin ruwan Vaasa zuwa Umeå: a shiga na rana, a tsakiyar sanyi

Duk mai niyyar ƙetarawa daga Finland zuwa Suwidin ta can arewa, shawarata ya shiga jirgin ruwan da ke tashi daga Vaasa, kuma ya zaɓi wanda ke tafiya da rana. Na shige shi a watan Maris, kuɗin da na biya ko kaɗan bai yi mini ciwo ba.

Jirgin yana ratsa Kvarken ne, inda mashigin tekun Botniya ya tsuke har faɗinsa ya koma kimanin kilomita 80. Tafiyar ta kusa awa huɗu. Ciki akwai ɗumi da tsafta, amma ni a waje na yi yawancin tafiyar, hannuwana cikin aljihu. Teku ya daskare fari fat iya ganinka. Jirgin na murƙushe ƙanƙara, kana jin gurnaninta a tafin ƙafarka, manyan ɓarayenta suna kifewa suna hawa kan juna. Koguna irin su Torne da Kemi da Lule ne ke kwararo ruwan daɗi cikin mashigin, gishirinsa ya yi ƙaranci, shi ya sa yake saurin daskarewa. A kan wannan ƙanƙarar sojojin Rasha suka taka da ƙafa har Umeå a 1809.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙananan tsibiran bakin Vaasa, masu tulin duwatsu kamar an zazzage su daga tifa. Ƙasar wurin tasowa take yi, kusan milimita 8 duk shekara, tun da dutsen ƙanƙarar da ya danne ta dubban shekaru ya narke. Tsohuwar tashar jiragen ruwan garin ma ruwanta janyewa ya yi saboda haka, har da gobara ta cinye Vaasa a 1852 sai aka sake gina shi kusa da ruwa. UNESCO ta sa tsibiran cikin wuraren tarihi na duniya a 2006.

Inda na ga gazawa, ban ji wanda ya yi wa fasinjoji bayanin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, yawanci kowa na kan wayarsa. Abinci ma da tsada. Musulmi ya tambaya kafin ya ɗiba. Ni kifi da dankali na ci.

A Holmsund jirgin ke tsayawa, sai a hau bas zuwa cikin Umeå. A mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma a taho da safar hannu mai kauri.