Dolly Parton: wane faifai za ka fara saye?

Duk wanda ya taso yana jin rediyo a ƙasar nan, ko ya yi tafiyar dare da direba mai tarin kaset, ya san muryar Dolly Parton ko da bai san sunanta ba. Tare muka riƙa jin ta da Don Williams da Kenny Rogers. Wahalar tana zuwa ne ranar da mutum ya tashi saye, domin kundayen waƙoƙinta sun haura arba'in, ban da tarin zaɓaɓɓu da kamfanoni ke ta fitarwa da hoto kusan iri ɗaya. Abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne shekarar da aka naɗi waƙar da kamfanin da ya fitar da ita.

An haife ta ranar 19 ga Janairu 1946 a yankin duwatsu na jihar Tenesi a Amurka, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya goma sha biyu na wani talakan manomi. Tana gama sakandare a 1964 ta nufi birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkara na Amurka. A 1967 ta shiga shirin talabijin na mawaƙi Porter Wagoner, ta kuma koma kamfanin faifai na RCA. Daga nan zuwa tsakiyar shekarun 1970 ne, a ganina, ta yi aikin da ba ta sake yin kamarsa ba.

Idan kuɗinka na faifai ɗaya ne, sayi Coat of Many Colors na 1971. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta labarin rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata ce da tsummokara, tana ɗinki tana ba ta ƙissar Annabi Yusuf. Yarinya ta sa riga ta tafi makaranta da murna, yara suka yi mata dariya. Wanda ya taɓa zuwa hawan idi da kwance zai gane wannan waƙa tun kafin a fassara masa. Kiɗan ba shi da hayaniya, jita ce da 'yan rakiya kaɗan, muryarta siririya tana gaba, kowace kalma na fita. Waƙoƙi goma ne, ba su cika rabin awa ba, don haka kada ka ga gajartarsa ka ɗauka an rage maka wani abu. Haka kundayen kantiri na lokacin suke.

Na biyu shi ne Jolene na 1974. A ciki akwai waƙar matar da ke roƙon wata kyakkyawa kada ta ƙwace mata miji, zancen da matan ƙasar Hausa ba baƙonsu ba ne. A ciki kuma akwai I Will Always Love You ta asali, wadda ta rubuta don yi wa Porter Wagoner ban kwana lokacin da za ta bar shirinsa. Yawancin matasa ta Whitney Houston ta 1992 suka sani, mai ɗaga murya har sama. Ta Dolly a hankali take tafiya, har da wurin da take magana kawai, kamar mai sallama a bakin ƙofa. Elvis Presley ya so ya rera ta, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakarta, ta ƙi. Na fi son kundin 1971 da kaɗan, saboda ya fi zama abu guda daga farko har ƙarshe, amma wanda ya fara da Jolene bai yi asara ba.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Ta sake naɗar I Will Always Love You a 1982 saboda wani fim, ta kuma sake a 1995 tare da Vince Gill. Duka suna yawo a tarin zaɓaɓɓu masu araha da kuma wajen masu tura waƙoƙi a waya, ba tare da an rubuta shekara ba. Juya bayan faifan, ko ka duba bayanin kundin a Spotify ko Boomplay, ka tabbatar ka ga 1974.

Daga kundin Here You Come Again na 1977 ta karkata ga kiɗan zamani mai fiyano da ganguna, kasuwa ta buɗe mata sosai. Wannan zangon ne ya haifi waƙar 9 to 5 a 1980. Ban ga dalilin sayen kundayensa ɗaya-ɗaya ba, waƙa biyu ko uku ne masu ƙarfi a kowanne. Kuma waƙar Islands in the Stream ta 1983, da ake yawan nema, a kundin Kenny Rogers ta fito. Mai son waɗannan ya nemi The Essential Dolly Parton na 2005, faifan CD biyu, ya haɗa tsofaffi da sababbi. Shi ya fi dacewa da mota.

Wanda kunnensa ya saba da goge da garaya zai ji daɗin The Grass Is Blue na 1999, inda ta koma kiɗan mutanen duwatsu da banjo da gogen Turawa, har ya ci kyautar Grammy. Trio na 1987, ita da Linda Ronstadt da Emmylou Harris, na masu son amshi ne da haɗuwar muryoyi. Rockstar na 2023 kuwa waƙoƙi talatin ne cike da baƙin mawaƙa, a bar shi sai ƙarshe.

Saura nau'in faifan. Na garmaho ya fi kyau a hannu, amma zafin Maris da Afrilu na lanƙwasa shi, ƙurar hunturu na shiga tsagoginsa, ga neman allura. Idan tsoho za ka saya, zaro shi daga kwali ka duba shi a haske, ka ajiye shi a tsaye, nesa da taga. Kaset ɗin da ya shekara arba'in sau da yawa zarensa ya saki, sa a kunna maka kafin ka biya. CD na asali yana zuwa da ɗan littafi mai sunayen makaɗa da shekaru, kuma shi nake ba da shawara ga wanda yake so ya ajiye.