Apolo Ya Shiga Gida: Maganin Gargajiyar Sin Ko Na Asibiti?

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba yaran lafiya. Kin ce yaranki biyu sun tashi da jan ido da kwantsa, ke ma naki ya fara ƙaiƙayi, ga jaririya 'yar kwana goma sha biyu a ɗaki. Maƙwabciyarki mai zuwa sarin kaya ƙasar Sin ta ba ki busasshen fure na shayi da 'yar kwalbar ɗigawa mai rubutun Sinanci, kina tambaya ko ki yi amfani da su ko ki nufi asibiti. Bari in jera miki yadda kowane ɓangare yake kallon ciwon, sannan in faɗi inda na tsaya.

Masu maganin gargajiya na Sin ba sa farawa da batun ƙwayar cuta. A wurinsu jan ido alama ce ta zafi, ko dai wanda iska ta kawo daga waje ya sauka a ido, ko wanda ya taso daga cikin jiki. Tsofaffin littattafansu sun ce ido taga ce ta hanta, farin ido kuma na huhu ne. Shi ya sa mai maganin zai duba harshenki, ya taɓa bugun jini a wuyan hannunki, ya tambayi yadda kike barci da bahaya, kafin ya haɗa abin da suke kira mai sanyaya jiki. Sun daɗe da sanin jan idon da ke bin gari gida-gida, har suna da sunansa na musamman.

Shi kuwa likitan ido tambayarsa ɗaya ce: me ya kawo kumburin siririyar fatar nan da ta lulluɓe farin ido? Mafi yawa bairas ne, idon ya yi ja, ya riƙa zubar ruwa, ya fara da ɗaya ya koma ɗayan. Wani lokaci bakteriya ce, musamman ga yara, sai ki ga kwantsa mai kauri ta liƙe gashin ido da safe, sai an jiƙa kafin yaro ya buɗe. Akwai kuma na borin jini, wanda ƙura ko hayaƙi ke tayarwa, ƙaiƙayi ya fi yawa a cikinsa kuma ba ya yaɗuwa. Wanda muke kira Apolo yana cikin na bairas. An fara lura da annobarsa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a duniyar wata, sunan ya bi shi daga nan.

Ta fuskar magani, Sinawa suna dafa furen da suke kira juhuwa, wanda na tabbata irinsa aka ba ki, da ganyen bishiyar da tsutsar siliki ke ci, da wata saiwa mai ɗan karen ɗaci, huwanliyan. Akwai kuma 'ya'yan tafasa, ita dai tafasar nan da muke miya da kwaɗo da ganyenta, su ƙwayar suke soyawa su sha don ido. Wasu suna tsira siraran allurai a gefen goshi da bayan hannu, ko su tsaga saman kunne su fitar da ɗigon jini, kusan yadda wanzamanmu ke yi. A asibiti, idan bairas ne, sau da yawa babu wani maganin kashe shi da za a ba ki. Sai dai ɗigon sanyaya ido, da tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, da haƙuri na mako ɗaya zuwa biyu. Idan bakteriya ce, a ba da ɗigon kuloramfenikol ko man shafawa na tetarasaikilin, wanda ke rage kwanakin ciwon da yaɗuwarsa. Na borin jini kuma maganinsa daban.

A nan ne mutane ke ruɗewa, kuma ina so ki tsaya ki lura. Yawancin jan ido da kansa yake warkewa. Wanda ya sha shayin fure ya warke a kwana bakwai, wanda ya ɗiga maganin kemis ya warke a kwana bakwai, wanda bai yi komai ba shi ma haka. Kowa sai ya yaba abin da ya yi amfani da shi. Don haka shaidar maƙwabciyarki cewa ta gwada ta ga aiki, da zuciya ɗaya ta faɗa, amma ba ta isa hujja ba. Ban raina tsirran Sin ba. Daga cikinsu aka ciro sinadarin atemisinin da yau ake ceton yaranmu daga zazzaɓin cizon sauro da shi, har Tu Youyou ta karɓi kyautar Nobel a kansa a 2015. Amma sai da aka tace shi, aka auna, aka gwada a kan dubban mutane. Magungunan jan ido na gargajiya ba su bi ta wannan matakin ba tukuna, gwaje-gwajen da aka yi musu galibi ƙanana ne.

Haɗari kuwa kowane ɓangare yana da nasa. Ruwan dafaffen ganye, komai tacewa, ba shi da tsabtar da ido ke buƙata, kuma furen nan kansa yana tayar wa wasu da borin jini. Idan akwai ɗan ƙarzuwa a baƙin ido, ɗiga irin wannan ruwa na iya mayar da shi gyambo, gyambon baƙin ido kuma yana barin farin tabo da ke tare gani har abada. Abin sha ma ba a sakin jiki da shi. Wani sanannen haɗin da ake bayarwa don zafin hanta da jan ido ya taɓa ƙunsar wani tsiro mai lalata ƙoda, har gwamnatin Sin ta haramta tsiron a 2003. Shi kuma huwanliyan ana hana mai ciki da mai shayarwa da jariri shan sa, domin yana iya tsananta shawarar jarirai. Ke kuma goyo ne da ke.

Haɗarin ɓangaren zamani ba daga asibiti yake fitowa ba, daga kantin magani yake fitowa. Mutum ya je ya ce a ba shi maganin Apolo, a miƙo masa ɗigo mai sitiroyid, wato sinadarin rage kumburi, irin desametason ko betametason. Jan ya tafi cikin kwana biyu, ya ji daɗi, ya ci gaba da ɗigawa wata da watanni. Wannan maganin yana iya ɗaga hawan jinin ido, ya kawo yanar ido, kuma idan akwai gyambo a baƙin ido sai ya ƙara masa ƙarfi. Abin yana ci mini rai, don mutane da yawa sun rasa gani ta wannan hanya suna zaton magani suke yi. Haka masu ɗiga fitsari, ko ruwan nono, ko ruwan sukari, ko ruwan albasa. Don Allah kada ko ɗaya ya shiga idon yaran nan.

Babban abin da ya raba hanyoyin biyu a wurina shi ne wa zai iya gane jan idon da ba Apolo ba. Duba harshe ba ya nuna gyambon baƙin ido. Likitan ido kuwa yana ɗiga wani rini ruwan ɗorawa, ya haska shuɗiyar fitila, nan take wurin da ya ƙarzu ya fito kore. Yana auna ƙarfin ruwan cikin ido, yana juya fatar ido ya duba ko amodari ne. Su kansu Sinawa sun san haka: a Beijing akwai asibitin ido guda na cibiyar binciken maganin gargajiyarsu, kuma da na'urorin zamani suke duba marasa lafiya, har tiyata suna yi.

To ga inda na tsaya. Kwalbar nan da ba ki iya karanta abin da ke jikinta, ba ta da lambar NAFDAC, ba ki san yaushe wa'adinta zai ƙare ba, ki ajiye ta. Shayin furen, babban mutum mai lafiya zai iya sha kamar yadda Sinawa ke sha bayan cin abinci, amma ke ki bari sai kin yaye, kuma kada ki wanke ido da shi. Yaran biyu ki kai su asibiti mafi kusa a duba. Idan ɗayanku ya ji ciwo mai tsanani a cikin ido, ko ganinsa ya dushe, ko ya kasa kallon haske, ko fari ya bayyana a baƙin ido, ko mugunya ta riƙa zuba kina gogewa tana dawowa, wannan na sashen ido ne a ranar, ko babban asibiti irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano idan kuna kusa.

Jaririyar ce ta fi damuna. Jan ido ko kwantsa mai yawa ga jaririn da bai kai wata ɗaya ba, ba a jira a ga abin da zai yi, don akwai nau'in da ke iya cinye baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Kafin nan ki hana yayyenta taɓa fuskarta, kowa ya riƙe tawul ɗinsa da matashinsa, a jingine tandun kwalli na gida har a warke, ke kuma ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da za ki ɗauke ta ko ki ba ta nono.