Sayen wuri ko haƙurin hawa a Google

Mai shafin intanet na da hanya biyu ta fitowa a saman sakamakon bincike. Ko ya biya Google Ads, tsarin tallan Google da aka fara a 2000 da sunan AdWords: shafinsa ya fito yau ɗin nan da alamar talla, kowace dannawa kuɗi ce, ranar da kuɗin suka ƙare kuma ya ɓace ɓat.

Ko ya gyara shafin, ya amsa tambayar mutane, shafin ya riƙa buɗewa da sauri a waya, wasu shafuka su yi nuni gare shi. Wannan kan ci watanni, amma ita na fi so. Sau da yawa yatsan mai bincike kan tsallake talla ya dira kan sakamakon farko, shafi na biyu na sakamakon bincike kuwa ba kowa ke leƙa shi ba.