Manhajar kwafe bayanai: Ctrl+C ya tona mata asiri

Masu tambayata game da manhajar nan ta kwafe bayanai da ake ta tallatawa a Ikeja, na saya, na gwada. Ni lissafin dillalan albasa da tumatir nake riƙewa a kasuwar Mile 12, kuma duk abin da zan ɗora wa kwamfutar shago sai na fara katse shi da Ctrl+C, wato maɓallan tsayar da manhaja a tagar buga umarni, yana tsakar aiki. Kun dai san Legas, ana ɗauke wuta UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci, zai fara kuka, dole ka tsayar da komai cikin gaggawa.

Wallahi da farko ta burge ni. Tana cikin kwafar wani babban fayil na danna, sai ta rubuto cewa ta ji, bari ta ƙarasa na hannunta. Ta ƙarasa, ta share guntayen wucin gadi, ta fita. Ka ga wanda ya rubuta ta ya san Ctrl+C sigina ce ake aika wa manhaja, SIGINT, lamba 2 a babbar manhajar Linux, wadda za ta iya tarewa ta kintsa kafin ta tafi. Har na ce wa maigidana, "Alhaji, an dace, kuɗinmu bai tafi a banza ba."

Ashe da sauran rina a kaba. Da na buga echo $? don in ga lambar da ta fita da ita, sai na ga 0. Sifili fa! Ma'anarsa aiki ya kammala lafiya, alhali ko rabin fayilolin ba ta kwafa ba. Abin da aka saba gani shi ne 130, wato 128 a tara da 2. Bash kuwa, wato mai gudanar da jerin umarnin da na tsara layi bayan layi, in ya ga manhaja ta tare siginar ta fita da kanta, ci gaba yake da layi na gaba, kuma layi na gaba a tsarina shi ne goge kwafin makon jiya. Ya goge shi tas. Allah ya sa fayilolin gwaji ne, da na bashin dillalai ne ban san da wane ido zan kalli Alhaji ba.

In ka danna sau biyu a jere kuma, takan bar maka allon ba ya nuna abin da kake bugawa, sai ka buga umarnin stty sane, mai mayar da allon daidai, a makance.

Na kira wanda ya sayar min, wai in daina danna Ctrl+C. A garin nan? Na cire ta, na koma wata manhajar kwafe bayanai, rsync, shi in ka katse shi lamba 20 yake ba ka, ba ya yi maka ƙarya.