Zana, leda ko farin ƙyalle: me za ka saya kafin ɗarin farko ya sauka a garkarka?

Mu nan Tawa ƙanƙara ba ta kwanciya a kan ganye yadda take yi wa masu garka a duwatsun Azbin, wajen Bagzan. Namu ɗarin kalarsa daban. Daga ƙarshen Nuwamba iska ke juyowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Da asuba sai hannu ya ƙi riƙe butar ban-ruwa, amma kafin azahar zafi ya haura digiri 30. Saboda haka duk abin da za ka kashe wa kuɗi, ka auna shi da wannan: ya tare iska da sanyin asuba, kuma kada ya dafa shuka da rana.

Ba kowace shuka ke neman kariya ba. Salati, kabeji, karas da albasa lokacinsu ne ma, cikin wannan sanyin albasar Galmi ke yin ƙiba, kuma a kansu aka gina noman rani tun da aka matsa masa bayan farin 1984, zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché. Masu shan wuya su ne kuɓewa, tattasai, yalo, da tumatir mai fure, wanda idan dare ya yi ƙasa da digiri 13 furen ke zubewa bai ɗaura ɗa ba. Sama da su duka akwai ƴaƴan dashe, masu ganye biyu ko uku. Dare ɗaya na jaura ya isa ka tashi ka tarar bakin ganyensu ya ƙone kamar an gifta masa wuta.

Ni dai zanar gamba nake saye, kuma ita nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni. Dalilina na farko shi ne tana numfashi. Katanga ko kwano idan suka tare iska gaba ɗaya, sai ta hau ta faɗo a bayansu tana juyi, ta kwantar da shukar da ake son karewa. Zana kuwa tace iskar take yi, ta rage mata ƙarfi, ta bar kaɗan ta wuce a hankali. Wanda ya taɓa bi ta kwarin Magiya, wajen Buza, ya ga layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Aikin da waɗannan itatuwa ke yi wa gero shi zana ke yi wa fangali, sai dai ita ƙarama ce. Shingen da iska ke ratsawa yana kare fili har kusan ninki goma na tsayinsa, ka ga zana mai mita ɗaya da rabi ta wadaci yawancin garkar cikin gida.

Kafa ta ma ba wuya. Gefen arewa da na gabas kawai za ka rufe, ka bar kudu don rana ta shigo. Ka kafa turaku masu ƙarfi, tsakaninsu kada ya wuce taku biyu, ka ɗaure sama da tsakiya da ƙasa. Wani tsoho mai garka a bakin tabki ya gan ni na dasa gindin zanata cikin ƙasa, ya ce, "Ɗana, ka shimfiɗa wa gara tabarma. Ɗora ta bisa duwatsu." Na ce, "To, Baba," na tone na jera duwatsu na zuba toka. Wannan zanar ta yi mini hunturu uku.

Ga kuma abin da sauran ba su iya ba. Da magariba nakan ɗauki guntuwar zana in ɗora kan ƴar rumfa mai tsayin gwiwa a saman wurin renon dashe. Zafin da ƙasa ta sha da rana ba ya tserewa sama, yana nan ƙarƙashinta har asuba. Da hantsi in yaye. Idan ka yi ban-ruwa da la'asar ya fi, domin ƙasa mai laima ta fi busasshiya riƙe ɗumi, ganyen kuma ya bushe kafin dare. Watan Afrilu na kamawa, zanar nan dai ita ce inuwar barkono. Idan ta tsufa ta ruɓe, ta koma taki.

Leda ban ba kowa shawararta ba. Ka manta da ita sa'a biyu bayan fitowar rana, ka tarar da dashenka ya dahu, iska kuma ba ta barin ta sati biyu. Baƙar raga ta inuwa kayan bazara ce, a hunturu hasken da shuka ke nema take tarewa. Tsohon gidan sauro an jiƙa shi da maganin ƙwari, ba abin rufe ganyen miya ba ne. Darnin karan gero yana da araha kuma yana aiki, amma awaki sun ɗauke shi abinci.

Wanda ya cancanci zama na biyu shi ne farin ƙyallen nan marar saƙa da ake samu a shagunan kayan noma, musamman a Yamai, mai nauyin giram 17 a kowace murabba'in mita. Haske da ruwa suna ratsa shi, yana ƙara ɗumi kaɗan da dare, yana kuma hana farin ƙuda isa ga ƙananan tumatir. Ga wurin reno yana da kyau. Sai dai iskarmu ta fi ƙarfinsa idan babu zana a bayansa, ƙura tana toshe shi, ƙaya ɗaya ta yage shi.

Kuma a nan ne aka fara cuta ta. Wani mai shago ya auna mini farin ƙyalle ya rantse na garka ne. Ashe irin wanda teloli ke sa wa cikin wuyan riga ne. A ido kusan ɗaya suke, amma na garka an yi shi ya jure hasken rana, wancan kuwa kwana ashirin bai cika ba ya fara marmashewa, ina taɓawa yana zuba kamar gari a kan tumatir. Tun daga nan ba na sayen wanda aka yanko aka naɗe. Sai na ga dunƙulen da takardarsa da nauyinsa a rubuce. Wanda ya ce maka takardar ta ɓace, ka yi masa sallama.

Zanar ma da nake yabo, a cikinta aka fi yin ha'inci, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Wata shekara na yi sauri, na sayi guda huɗu a naɗe a bakin kasuwa ban sa an warware ba. Bakin da ke waje gamba ce mai kauri, saƙa a matse. Da na buɗe a gida, tsakiyar duk ƙyasuwa ce da ciyawar bara, saƙar kuma sako-sako, ɗan yaro zai iya zura hannu. Ban da lokacin komawa, na kafa haka nan. Daren da iska ta taso ta keta biyu, ta kifar da ɗaya a kan fangalin tattasai da na yi kwana arba'in ina reno. Da safe na tsuguna ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, karan kowanne ya karye daga gindi. Ɗiyata ce ta taya ni kwashewa, ba wanda ya ce uffan.

Don haka ka sa a warware maka zana tun daga farko har ƙarshe, komai cunkoson kasuwa. Ɗaga ta ka dubi rana ta cikinta: haske ya riƙa shigowa tsilli-tsilli, ba faffaɗa ba. Buga ta da ƙasa sau biyu, in gari ya zubo, ƙwaro ya riga ka. Zare kara ɗaya ka lanƙwasa: sabuwar gamba tana lanƙwasuwa kafin ta karye, launinta ruwan zinariya, tsohuwa kuwa toka-toka ce, ƙaras take karyewa. Shinshina ta. Akwai masu yayyafa mata ruwa da sassafe don ta yi nauyi ta matse, irin wannan tana warin laima, kuma da ta bushe saƙar ke saki. Ka auna tsawon da takunka, kada ka yarda da "gaba biyar ce, Alhaji", domin gaban mai sayarwa ba ya kai na mai saye. Ka duba bakin sama da na ƙasa ko an kitse su da kyau, daga nan warwarewa ke farawa. In mai zana ya ɓata rai don ka ce a buɗe, akwai abin da ke ciki.

Lokacin saye shi ne da kaka, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da aka yanko sabuwar gamba kuma mutanen ƙauye ke shigowa da ita a amalanke. Da ɗari ya kama, kowa na neman ta rufe rumfa da makewayi da turken dabbobi, kuɗinta ya tashi, ragowar bara ta fito kasuwa. In ka samu mai saƙa da hannunsa, ba dillali ba, ka ba shi awon garkarka da rabin kuɗi, ka ce a matse saƙar, ka karɓa ranar kasuwa mai zuwa.